Madubin ƙofa ya yage bodin akori-kurata: in gyara a gida ko in kai gareji?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara a kan motata, akori-kura ce Peugeot 504 haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da ita nake ɗauko masara da waken suya daga ƙauye zuwa Dawanau. Madubin ƙofar direba ya jima yana rawa, yanzu kuma da na duba sai na ga ramukan da aka ɗaure shi sun buɗe, har ƙarfen ƙofar ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Wanda ya ɗaura shi tun da can sukuru biyu kawai ya murɗa cikin bodi. Ɓangaren mai zaman banza kuwa babu madubi sam, ko alamar rami babu. Na sayo biyu a Ƙofar Ruwa, masu ƙafar ƙarfe. Ina da injin huda da sifanu a gida. Abin da nake tambaya: in ɗaura da kaina ko in kai a yi mini walda? In da kaina ne, ta ina zan fara?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Ka kai wa mai walda ya ɗana maka wuta sau uku, an gama. Ba sai ka wahalar da kanka ba.

Oga Fanel-bita:
Ɗan Kurna, don Allah kada ka sa bawan Allah ya lalata ƙofarsa. Baban Ummi, ka saurare ni, wannan aikina ne tun ina yaro. Fatar ƙofar mota ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Ƙafar madubi kuma ƙarfe ne mai kauri. In mai waldar lantarki ya ce zai haɗa su, kafin mai kaurin ya yi zafi siririn ya huje. In na gas ne ya zo, zafin zai bi ƙofar ya lanƙwasa ta, fenti ya ƙone waje da ciki. Na wajen za ka gani ka sake fesawa. Na cikin ba wanda zai gani, kuma daga nan tsatsa za ta fara cin ƙofar damina ɗaya. Ga kuma gilashi da robar bakinsa suna nan kusa, feshin wuta in ya taɓa gilashi tabon ba ya fita har abada.

Sannan ka yi tunanin ranar da mai adaidaita sahu zai goge ka a cunkoson Kurna. Madubin da aka ɗaure da noti, ƙafarsa ce za ta karye ka canja. Wanda aka yi wa walda da fatar ƙofar zai tafi.

Abin da ya yaga maka ƙofa shi ne sukurun nan biyu. Zarensu bai kama komai ba sai wannan siririn ƙarfen, ga iska tana tura madubin, ga hanyar ƙauye tana girgiza shi. Maganinsa a sa guntun ƙarfe shimfiɗaɗɗe ta cikin ƙofar, kaurin milimita 2 ko 3, wanda ya fi ƙafar madubin faɗi ta kowane gefe, a ɗaure da bol da noti su matse fatar ƙofar a tsakani. Nauyin sai ya bazu, ba a rami biyu kaɗai zai taru ba. Wannan kuwa aiki ne da za ka iya yi a ƙofar gidanka.

Baban Ummi:
Na gode Oga. To tsagewar fa? In bar ta haka in rufe da ƙarfen?

Oga Fanel-bita:
A'a. Ka goge fentin wurin har ka ga inda tsagewar ta tsaya, sau da yawa ta fi yadda ido yake gani tsawo. A daidai ƙarshenta ka huda ɗan ƙaramin rami na milimita 3. Ramin ne zai hana ta ci gaba da tafiya. In ƙarfen da za ka sa a ciki ya rufe ta duka har ya wuce, shi ke nan. In ta fi shi tsawo, to wannan kam ka kawo mana, mu cire gilashin mu ɗinke ta a hankali. Kuma kada ka yarda wani ya shafe maka ita da fila, ƙullun nan da ake cike lotsawar bodi da shi, ya fesa fenti ya ce an gama. Fila ba ta riƙe komai, kwalliya ce.

Malamin Fasaha:
Oga ya faɗi gaskiya. Ni zan ƙara a kan ɗaya ƙofar da ba ta da rami, domin a nan mutane suka fi yin ɓarna, kuma rami in an huda ba ya komawa.

Kada ka ɗauki awo daga ƙofar direba ka mayar can kai tsaye. Kai kana zaune a hagu, don haka kusurwar da kake kallon madubin dama daban take. Ka zauna a kujerarka yadda kake zama in kana tuƙi, ka sa wani ya riƙe madubin a jikin ƙofar yana matsar da shi gaba da baya, sama da ƙasa, har ka ga dukkan fuskarsa ba tare da ƙarfen gefen gilashi ya tare maka ba. Ka gwada karkata shi ka tabbatar yana da sauran wurin juyawa ta kowane ɓangare. Sai a manna salatif na takarda a wurin a zana ramukan a kansa da biro.

Kafin ka taɓa injin huda, ka cire kwalin cikin ƙofar ka zura hannu ka ji abin da yake bayan alamar. Abu biyu kake nema. Na ɗaya, hannunka da sifana za su kai wurin? Akwai wuraren da ƙarfen ciki ya ninka, noti ba zai shiga ba. Na biyu, ka sauke gilashin ƙasa ka ɗaga shi sama kana kallo, ka ga ko wutsiyar bol za ta taɓa shi. Na ga ƙofar da aka ɗaura wa madubi tsaf, ranar farko da aka sauke gilashi bol ya ja masa layi daga sama har ƙasa.

In komai ya yi, ka ɗan doka ƙusa a tsakiyar alamar don bakin injin kada ya zame ya karce fenti. Fara da ƙaramin baki, 3, sannan 6.5 in bol ɗinka mai kaurin milimita 6 ne, wato wanda sifana lamba 10 take kamawa. Ka naɗa salatif a bakin injin ka bar ɗan tsininsa kawai, don in ya ɓula kada ya zarce ciki. Gilashin ya kasance a sama lokacin. Bayan nan ka share garin ƙarfen da ya zuba cikin ƙofar, ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa a bakin ramukan, ka bari ya bushe. Ka yanko tsohon tub na taya daidai ƙafar madubin ka sa tsakaninta da bodi. Yana tare ruwa, yana kuma shanye girgiza.

Ɗan Kurna:
Malam duk wannan a kan madubi ɗaya? Mu da muke fita aiki da asuba ina muka ga lokaci.

Malamin Fasaha:
Yamma ɗaya ce, ɗan'uwa. Ƙofar 504 mai lafiya kuwa yanzu ka je Panteka ko Ƙofar Ruwa ka nema ka ji abin da za a ce maka. Tun 2006 aka daina haɗa motar a Kaduna, abin da ya rage a hannun mutane shi ke nan.

Matashin Direba:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, ya za a yi kamfani ya fitar da mota babu madubi a dama? Ko dai wani ne ya cire ya toshe ramin?

Baba Tsohon Direba:
Yaro, ba wanda ya cire. Haka da yawansu suke fitowa a zamanin, ba Peugeot kaɗai ba, har Datsun. Na direba da na tsakiya, shi ke nan, na dama sai wanda ya so ya ƙara. Ni na fara tuƙi ana bin hannun hagu a ƙasar nan, a 1972 aka koma dama. Kamfanin Kaduna kuma a 1975 ya fara fitar da mota a Kakuri. A lokacin in ka fita daga Kano zuwa Gumel sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mota goma ba. Kuma kowace akori-kura tana da yaron mota a baya, a kan kaya. Shi ne idon direba ta dama. In za ka sauka gefe ko za ka yi baya, ya bubbuga bodi, bugu ɗaya ka tsaya, biyu ka tafi. Yanzu ina yaron? Ga babura da adaidaita suna shigowa ta damanka ba sallama. Na tsakiyar kuma da ka ɗora buhu ya tashi aiki. Baban Ummi, ni a wurina na daman nan da babu ya fi wanda ya tsage gaggawa. Ka fara da shi.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi haka ne, duk sanda zan sauka gefe a hanyar Dawanau sai gabana ya faɗi.

Mai Albasa daga Aliero:
Ku gafarce ni in sa baki. Duk wanga bayani ya yi, amma ba ku yi maganar faɗin kaya ba. Mu nan in munka ɗora albasa, buhu na fita gefen bodi ta kowane ɓangare. Ƙaramin madubin da kamfani ya yi, buhu kawai za ka gani cikinai. Shi ya sa muke sa mai dogon hannu irin na motocin kaya Canter ko Dyna. Baban Ummi, masara ma haka take in an yi lodi. Ka ɗora kaya tukuna ka gwada waɗanda ka sayo kafin ka huda ƙofa.

Oga Fanel-bita:
Alhaji, gaskiyarka a kan gwadawa da kaya. Amma mai dogon hannu yana da sharaɗi. Duk tsawon da hannun ya ƙara, ƙarfin da yake jan ƙofar da shi ya ƙaru. Irin na Canter an yi shi ne ya kama sama da ƙasa, wuri biyu ko uku. Masu ɗaura shi a ƙafa ɗaya su ne suke zuwa mini da ƙofa a yage. In dole sai shi, a yi masa tokara ta biyu zuwa ƙasa, ita ma da nata ƙarfen a ciki. Kuma kada a huda siririn ƙarfen da ya zagaye gilashi, hanyar gilashin ce a ciki.

Sannan in faɗa maka tsakani da Allah, Alhaji, lodin da ya fi ƙarfin madubi ya fi ƙarfin sifirin da birki ma.

Mai Albasa daga Aliero:
Wannan kuma ka faɗa ma masu kaya da tsadar mai. In ba a cika mota ba, ba a maida kuɗin hanya.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu abin da yake kashe mana madubi ba cunkoso ba ne, hanyar burji ce mai kunya-kunya. Motocin Hilux da suke shiga arewa wajen Agadas, duk notin da ba a kulle ba sai ya kwance kansa. Washa mai tsaga ba ta isa. Ku nemi notin nan mai farar roba a bakinsa, in babu ku ɗaura noti biyu, ku riƙe na ƙasa da sifana ɗaya ku matse na sama a kansa da wata. Bayan sati a sake dubawa, saboda robar tub ɗin da Malam ya ce tana kwantawa, ɗaurin ya saki kaɗan.

Matashin Direba:
Tambaya kuma. Ni madubina gilashinsa ne kawai ya fashe, gidan yana nan. Masu yankan gilashi sun ce za su yanko mini daga madubin ɗaki. Ya halatta?

Malamin Fasaha:
A ɓangaren direba zai yi maka aiki na ɗan lokaci, domin shimfiɗaɗɗen madubi yana nuna nisan abu yadda yake. A dama ne bai dace ba. Na dama ana yinsa da ɗan tudu don ya kwaso wuri mai faɗi, tunda yana nesa da idonka. In ka sa shimfiɗaɗɗe a can, ɗan siririn yanki kawai za ka gani, mai babur zai iya kasancewa dab da tayar bayanka ba ka gan shi ba. Amma mai tudun yana da nasa: yana ƙanƙantar da abu, sai ka zaci motar da take bayanka tana nesa alhali ta iso. Abin da rubutun Turancin nan na ƙasan wasu madubai yake gargaɗi a kai ke nan. Sai ido ya saba.

In za ka manna, ka guji silikon ɗin da yake warin tsami, yana cin azurfar bayan madubi, wata kaɗan ka ga baƙin tabo. Ka nemi salatif mai kauri mai danƙo gaba da baya.

Ɗan Kurna:
Ni ban yarda da mai tudun nan ba. Ya taɓa sa na kusa shiga gaban tirela a hanyar Zariya. Shimfiɗaɗɗe nake sawa duka biyun, in manna ɗan ƙaramin zagayayyen madubin nan a kusurwa.

Baba Tsohon Direba:
Wannan ma dabara ce mai kyau, ba na musu. Amma ko wanne ka sa, ka juya wuyanka kafin ka canja hannu.

Bakanike Mai Gareji:
Na yi shiru ina karantawa, amma bari in faɗi abin da yake raina ko ba zai yi wa wasu daɗi ba. Yau kun koya wa mutum huda ƙofa, gobe zai ce ai shi ma ya iya, ya kwance kafireto. Rabin motocin da ake jawo mini da igiya, mai su ne ya fara taɓawa. A kawo maka noti a leda, wasu sun ɓace, wasu an cinye musu zare, sannan a ce ka yi sauƙi ai ƙaramin aiki ne. An taɓa kawo mini akori-kura da aka zuba wa ruwan omo a madadin man birki, wai ya ƙare a hanya, kuma aka bar shi a ciki wata da watanni. Duk robobin sun lalace, bututun ya yi tsatsa ta ciki. Wannan motar mutane take ɗauka ranar kasuwa. Kowa ya tsaya a sana'arsa. Mu shekaru muka yi a ƙarƙashin mota kafin a yaye mu.

Maman Sadiq:
Oga, da girmanka, amma ban yarda da kai duka ba. Ni mace ce, ina da tsohuwar Hilux da take raba mini ruwan leda, direba ne yake ja. Ba zan kwanta ƙarƙashin mota ba. Amma tun da na fara karanta irin wannan bayanin na daina biyan kuɗin abin da ban gane ba. An taɓa ce mini sai an canja ƙofa gaba ɗaya saboda gilashi ya ƙi hawa, ashe hanyarsa ce ta bushe da ƙura. Ba ku duka ne haka ba, na sani, amma mai mota in bai san komai ba, na kirki da mugu duk ɗaya suke a wurinsa. Kuma wanda ya zuba omo ba karatu ne ya yi masa yawa ba, rashinsa ne.

Bakanike Mai Gareji:
Hajiya, sanin mota daban, kwance ta daban. Ki sani, ina murna. Mai motar da ya san motarsa ya fi daɗin aiki, zai gaya maka ƙarar daga ina take da lokacin da ta fara.

Malamin Fasaha:
To ai kun kusa haɗuwa. Oga mai gareji, tsofaffin motocin nan an yi su ne yadda mai su zai iya kula da su. Babu kwamfuta a ciki. Juyen baƙin mai, wanke fulogi, goge kan batir, ɗaure fambel, duba ruwan lagireto, sa giris, canja ƙwan fitila da fis, ɗaura madubi, wanne ne a ciki sai an yi layi a gareji? Manomin da yake ƙauye mai nisa in bai iya waɗannan ba motarsa za ta mutu a tsaye. Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne birki da sitiyari da duk abin da ya riƙe taya. Waɗannan in an yi kuskure ba mai motar kaɗai zai biya ba.

Bakanike Mai Gareji:
In a nan aka ja layin, na yarda. Sai abu ɗaya da nake roƙon duk mai taɓa mota a gida. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, kuma kada ka tokare ta da bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci ɗaya. Ka samu gungumen katako mai faɗi, ka sa giya, ka ja birkin hannu, ka sa dutse gaba da bayan tayar da take ƙasa. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin bodi. Mun yi jana'izar mutum a kan wannan, abokin sana'a ne ma, ba baƙo ba.

Baba Tsohon Direba:
Allah ya jiƙansa da rahama.

Baban Ummi:
Amin. 'Yan uwa, jiya bayan la'asar na yi na daman, ni da ƙanena. Mun ɗora buhu shida tukuna kamar yadda Alhaji ya ce, waɗanda na sayo sun leƙa bayan kayan, don ni ba na fitar da lodi gefe. Wani maƙeri a unguwarmu ya yanko mini ƙarfen ya huda. Ya ɗauru gam, gilashi yana hawa yana sauka ba ya taɓa komai. Na direban sai jibi, na huda ƙarshen tsagewar na shafa fenti yana bushewa. Amma da na cire kwalin na tarar da ƙasan ƙofar cike da laka busasshiya, har da ƙwayar masara, kuma ledar da take bayan kwalin ta yayyage.

Oga Fanel-bita:
Madalla. Lakar nan ka kwashe ta tas. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka na fitar ruwa, domin ruwan sama dole ya bi gilashi ya shiga, an san da haka. In suka toshe ruwan ya kwanta, shi ya sa kake ganin tsofaffin motoci ƙofarsu ta ɓule daga ƙasa. Ka zura waya ka buɗe su, ka zuba ruwa kofi ɗaya ka ga ya fita. In ya bushe ka shafa giris ko ɗan baƙin mai a lungun. Ledar kuma ka yanko sabuwa mai kauri ka manna, ita take hana kwalin jiƙewa ya kumbura.

Maman Sadiq:
Oga, tunda ana ciki. Direbana ya ce hannun murɗa gilashin Hilux ɗin ya ƙi fita, ba sukuru a jikinsa, yana so ya ɓanɓare da sukundireba. In bar shi?

Oga Fanel-bita:
Kada ki bar shi Hajiya, zai fasa. Wata 'yar waya ce mai lanƙwasa take riƙe shi ta baya. Ya samu tsumma siriri ya zura tsakanin hannun da kwalin, ya kama bakinsa biyu yana ja hagu da dama, tsumman zai kamo wayar ya fizgo ta. Ya yi a wuri mai tsabta domin tsalle take yi, in ta faɗa cikin yashi ba za a gan ta ba. In zai mayar, ya fara sa wayar a jikin hannun, ya ɗaga gilashi sama, sannan ya danna hannun ya ji ya yi ƙas. Ya saita shi yadda ba zai riƙa dukan gwiwarsa ba in yana tuƙi.